Shin dogon adireshin intanet na cinye data?

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, mai waya ya koma lissafin kowane megabayit kamar yadda uwargida ke lissafin kwanon shinkafa a ƙarshen wata. Duk abin da ya yi kama da mai shan data ana yi masa kallon tuhuma. Cikin waɗanda ake tuhuma har da adireshin shafi, abin da aka fi sani da link. Wani zai turo shi a zauren WhatsApp, ya cika rabin fuskar waya da haruffa da lambobi da alamomin da ba a san kansu ba, sai ka ji ana tambaya ko danna shi zai kwashe data fiye da ɗan gajere.

Tambayar ba ta masu sayen data kaɗai ba ce. Masu gina shafuka sun daɗe suna jayayya a kanta. Shi kansa Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke Siwizalan a 1989, ya taɓa cewa a 2009 sanduna biyun nan (//) da ke biyo bayan http: ba su da wani amfani, kuma da ya bar su tun farko da an rage ɓarnar takarda da lokacin masu bugawa. In haruffa biyu sun isa a yi nadama a kansu, ina ga ɗari uku?

Lissafi ya nuna cewa tsayin adireshi, shi kaɗai, ba ya cin abin da mai waya zai ji a aljihunsa. Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba, domin abin da ya sa adireshin ya yi tsawo yana iya jawo ɓarna ta wata hanya, kuma maganin da mutane suka fi garzayawa gare shi, wato gajarta adireshi, sau da yawa ya fi cutar tsada.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Data adadi ce. Ana auna ta da bayit, kuma harafin boko ɗaya ko lamba ɗaya a cikin adireshi bayit ɗaya ne. Bayit dubu kilobayit ɗaya, kilobayit dubu megabayit ɗaya, megabayit dubu gigabayit ɗaya, wanda ake kira giga a wajen masu sayar da data. Kenan giga ɗaya ya kai kimanin haruffa biliyan ɗaya.

Faɗin hanya, wanda injiniyoyi ke nufi idan suna maganar ɓata ƙarfin intanet, shi ne yawan datar da layi zai iya ɗauka a daƙiƙa guda. Idan data ruwa ce a tanki, faɗin hanya shi ne kaurin bututun.

Na uku shi ne jinkiri: lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ya dawo da amsa. Wannan ba ruwansa da kaurin bututu, nisa ne da yawan tsaye-tsaye a hanya. Mutane da yawa idan sun ce shafi ya yi nauyi, jinkiri suke ji, ba yawan data ba. Bambancin zai yi amfani idan aka zo kan gajerun adireshi.

Me ke cikin adireshi?

Ga misali, da sunan example.com wanda aka keɓe musamman domin ba da misalai:

https://www.example.com/labarai/farashin-masara-ya-sauka-a-dawanau?utm_source=whatsapp&utm_medium=social#sharhi

Haruffa 111 ne cif. Farkonsa, https, yana faɗa wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, irin yaren da za ta yi magana da shi, kuma s ɗin ƙarshe na nufin za a kulle hirar. Sai sunan gida, www.example.com. Wannan kaɗai ake kai wa tsarin DNS, wanda ke aiki kamar littafin lambobin waya, yana juya suna ya koma lambar sabar. Daga /labarai har zuwa dawanau hanyar ɗaki ce a cikin gidan. Abin da ya biyo bayan alamar tambaya, haruffa 37 a nan, ƙarin bayani ne da aka rataya, kuma a wannan misalin ba ya canza ko harafi ɗaya a labarin da za a karanta. Aikinsa ya gaya wa mai shafin cewa wannan baƙon daga WhatsApp ya fito. Wutsiyar ƙarshe, #sharhi, ba ta ma barin waya: burauza ce ke riƙe ta domin ta san inda za ta gangara da kai a cikin shafin.

Akwai wani abin lura. Muddin adireshi ya fara da https, kamfanin layinka, MTN ne ko Airtel ko Zamani a Nijar, sunan gidan kaɗai zai iya gani. Hanyar ɗaki da rataye-ratayen duk a kulle suke wucewa. Kamfanin bayit yake ƙirgawa, bai ma san ko na adireshi ne ko na hoto ba, balle ya caji dogon link kuɗi na daban.

Lissafin bayit

A ɗauki adireshi mai haruffa 200, wanda a ido dogo ne sosai. Sai an aika shi sau miliyan biyar kafin giga ɗaya ya ƙare. Hoto ɗaya mai nauyin kilobayit 100, irin wanda ake turawa a zaure kullum, daidai yake da irin wannan adireshi 500.

Shafin da adireshin ke buɗewa fa? Cibiyar HTTP Archive, mai auna nauyin miliyoyin shafuka a kai a kai, ta nuna cewa a 'yan shekarun nan matsakaicin shafi ya kai megabayit 2 ko ya haura, kuma hotuna da manhajojin JavaScript ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Megabayit 2 ya ninka adireshinmu sau 10,000. Kamar mutum ne ya yi odar buhun masara daga Dawanau, ya zauna yana auna nauyin takardar da aka rubuta sunansa a jikin buhun.

Ko a cikin saƙon buƙata da burauza ke aikawa, adireshi ba shi ne babba ba. Kowace buƙata na tafe da bayanan gabatarwa: wace irin waya ce, wace burauza, wane harshe aka fi so, sai kuma kukis, 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a wayarka domin su gane ka in ka dawo. Lokacin da Google ya gabatar da tsarin SPDY a 2009, ya ƙiyasta cewa waɗannan bayanai kan kai bayit 700 zuwa 800 a buƙata ɗaya, wani lokaci su haura 2,000. Kuki ɗaya tak na iya kaiwa kusan bayit 4,000.

Sannan data ba ta tafiya harafi-harafi. A ƙulle-ƙulle take tafiya, kowane ƙulli yana ɗaukar kimanin bayit 1,500, kuma aƙalla 40 daga ciki na rubutun bayan ambulan ne. Adireshi mai haruffa 30 da mai haruffa 300 galibi ƙulli ɗaya za su shiga, kamar fasinja siriri da mai jiki a kujerar mota ɗaya.

Me ya sa suke tsawo?

Dalili na farko alheri ne ga mai karatu. Gidajen jaridu na sa kanun labari a cikin adireshi domin mutum ya san abin da zai tarar kafin ya danna. Da a ga lamba tsura kamar 88213, gara a ga farashin-masara-ya-sauka.

Na biyu kasuwanci ne, kuma shi ne ya fi tsawaita adireshi a yau. Alamomin utm sun samo suna daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005 ya gina Google Analytics a kansa. Talla ta Google na rataya gclid. A 2018 Facebook ya fara rataya fbclid a kan duk adireshin da aka danna daga dandalinsa zuwa waje, zaren haruffa masu yawa da ke bambanta wannan dannawa da waccan. YouTube na ƙara si idan ka taɓa maɓallin rabawa, Instagram ma na da irin nasa. Dukkansu bin sawu ne: waye ya tura, ta ina, wa ya buɗe.

Na uku tsaro ne. Adireshin hoton da ke cikin Facebook, ko na fayil da aka ba ka izinin saukewa na awa ɗaya, ko wanda ake turo maka ta imel domin sauya kalmar sirri, yana ɗauke da sa hannu na lissafi. Dole ya yi tsawo ya kuma hargitse, in ba haka ba ɓarawo zai iya cinkarsa.

Na huɗu ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. An gina ƙa'idar adireshi ne a kan haruffan Ingilishi, kamar yadda aka rubuta ta a 1994 aka sabunta a 2005. Duk harafin da ba ya cikinsu sai an sauya masa kama. Harafin ƙ yakan koma %C6%99, ɗ ya koma %C9%97, ɓ ya koma %C9%93. Harafi ɗaya ya zama shida. Haka kowane harafin Larabci, shi ma shida; na Sinanci kuwa tara. Shi ya sa idan ka kwafo adireshin maƙala mai ƙugiya a sunanta daga Wikipedia ta Hausa, sai ka ga alamar kaso ta watsu a ciki, idan kuma ta Larabci ce sai ya cika layi biyar alhali kanun kalma uku ne. Wasu masu shafukan Hausa na cire ƙugiya daga adireshi saboda wannan. Ta fuskar kyan gani suna da hujja, amma ta fuskar data abin da suka tsira da shi bayit biyar ne a kowane harafi.

Hujjar masu cewa akwai asara

Masu wannan ra'ayi ba su cewa mutum ɗaya zai ji a jikinsa. Maganarsu ita ce da yayyafi kogi kan cika. Biliyoyin mutane na danna biliyoyin adireshi kullum, kuma kowane bayit na bin waya da na'urorin da ke shan lantarki.

Suna kuma nuna cewa adireshi ba sau ɗaya yake tafiya ba. Idan shafi ya buɗe, burauza na komawa ta nemo hotuna da fayilolin ado da manhajoji ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowace buƙata tana faɗin shafin da ya aiko ta. A tsohon tsarin HTTP/1.1, wanda ba ya matse waɗannan bayanai, shafi mai fayiloli 70 da adireshi mai haruffa 300 zai maimaita shi har ya kai bayit 21,000. Kuma wannan a hanyar fita ne, daga waya zuwa sabar, wadda a yawancin layukan waya ta fi ta shigowa ƙunci. Wanda ke ƙauyen da sabis ke saukowa zuwa 2G, inda ake ganin harafin E a saman waya, zai iya jin wannan a matsayin ɗan ƙarin jira.

Ban da haka, shafi ɗaya na iya ƙunsar mahaɗai 200 zuwa wasu shafuka. In kowanne haruffa 100 ne, an sami kilobayit 20 na adireshi zalla a cikin rubutun shafin, ko an danna ko ba a danna ba. Injiniyoyin da ke bin sauri na kula da wannan, domin a farkon haɗuwa sabar ba ta sakin fiye da ƙulli goma, kimanin kilobayit 14, kafin ta jira amsa. Shafin da ya shiga cikin wannan zubin farko ya fi saurin bayyana.

Tarihi ma na bayansu. A shekarun 1990, da na'urar modem mai saurin kilobit 28.8, bayit 3,600 kaɗai ke wucewa a daƙiƙa. A lokacin kilobayit 21 kusan daƙiƙa shida ne na zaman jira.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Waɗanda ke ganin ba abin damuwa ba ne sun yarda da lissafin, amma suna cewa an riga an toshe yawancin ramukan. Tsarin HTTP/2 da ya fito a 2015 ya zo da hanyar matse bayanan gabatarwa mai suna HPACK. Idan burauza ta aika wani bayani sau ɗaya, ita da sabar sai su rubuta shi a ɗan allo, a buƙata ta gaba lambar layinsa kawai za a faɗa. Maimaicin nan na sau 70 ya koma sau ɗaya da 'yan bayit. HTTP/3 na 2022 ya ci gaba da wannan dabara. Tun 2020 kuma Chrome ya daina aika cikakken adireshin shafi ga sabar ta wani gida daban, sunan gida kawai yake faɗa, kuma sauran manyan burauza sun ɗauki irin wannan mataki. Sirri aka nufa da wannan sauyi, amma ya rage bayit ma.

Rubutun shafi kuwa ana matse shi da gzip ko Brotli kafin a aiko, kuma abin da waɗannan suka fi ƙwarewa a kai shi ne maimaici. Mahaɗai 200 da duk suka fara da suna ɗaya da hanya ɗaya na tsukewa ƙwarai. Waɗanda ke ƙin matsuwa su ne masu hargitsattsun haruffa na sa hannu da na bin sawu, tunda ba su da tsarin da ake maimaitawa.

Hujjar yayyafi da kogi ma ana iya gwada ta da lamba. A 2025 Google ya ce ana yin bincike sama da tiriliyan 5 a shekara a shafinsa. A ce kowane bincike na ɗauke da bayit 100 na banza a adireshinsa. Jimilla terabayit 500 ke nan a shekara, wato giga 500,000, kusan gigabayit 1,400 a rana. Adadi ne mai girma a ido. Amma Netflix ya ce kallon awa ɗaya a hoto mai ƙarfin HD na iya cin giga 3. Wato ɓarnar duniya baki ɗaya ta yini guda, a shafin bincike mafi cunkoso, ba ta kai abin da mutum 500 za su ci ba idan kowannensu ya kalli fim na awa ɗaya. Kamfanin Sandvine, mai nazarin zirga-zirgar intanet, ya ƙiyasta cewa a 2022 bidiyo ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na duk datar da ta gudana.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, ɓangare na farko na da gaskiya a wurare ƙalilan: kamfani mai biliyoyin baƙi, layi mai tsananin rauni, ko sabar da har yanzu ke kan tsohon tsari. Ga sauran jama'a, tuhumar tsayin adireshi barin jaki ne ana dukan taiki.

Inda ɓarnar gaske take

Akwai hanyar da rataye-rataye ke jawo asara mai yawa, kuma ba ta da alaƙa da adadin haruffa. Domin a rage nisa da wahala, ana ajiye kwafin shafuka da hotuna a rumbunan wucin gadi, wasu a cikin wayarka, wasu a sabar da kamfanoni irin su Cloudflare suka girke a birane kamar Legas. Rumbun na gane kaya ne da adireshinsu. Idan mutum dubu suka nemi labari ɗaya da adireshi ɗaya, sau ɗaya za a je asalin sabar, sauran a ba su daga rumbu. Idan kuwa kowannensu ya zo da fbclid na daban, kuma mai shafin bai saita rumbun ya yi watsi da shi ba, rumbun zai ɗauka shafuka dubu ne mabambanta, ya je ya ɗebo sau dubu. A nan harafi ɗaya da ya bambanta ya isa ya jawo ɓarnar da haruffa dubu marasa canzawa ba za su jawo ba. Mai shafin ne ke biyan kuɗin, mai karatu kuma ya biya da jira.

Injinan bincike ma na faɗawa wannan rami, su yi ta sauke shafi ɗaya a ƙarƙashin adireshi barkatai. Shi ya sa a 2009 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da mai shafi zai sa ya ce ga adireshin asali, sauran duk inuwarsa ne.

Akwai kuma nau'in adireshin da da gaske nauyi ne da shi, wanda ke farawa da data: a maimakon https. Shi ba ya nuna inda hoto yake, hoton ne dungurungum aka juya shi haruffa aka cusa a ciki, kuma juyawar na ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Wannan aikin masu gina shafi ne, ba kasafai mai karatu ke ganinsa ba.

Abu mafi kusa da mai waya shi ne ɗan hoton da ke fitowa a ƙarƙashin link idan an liƙa shi a WhatsApp. Kafin ya bayyana, wayar mai turawa ta riga ta leƙa shafin ta ɗebo kanu da hoto. Wannan leƙen ya ninka adireshin nauyi sau da yawa, ko adireshin dogo ne ko gajere. Akwai wurin kashe shi a sashen sirri na saitin manhajar.

Gajarta adireshi: an gudu ba a tsira ba

TinyURL ya fara aiki a 2002, Bitly a 2008. Abin da ya haɓaka su shi ne Twitter, mai iyakar haruffa 140 a lokacin, inda adireshi ɗaya kan cinye rabin saƙo. Matsalar wuri suka zo warwarewa, ba ta data ba.

Ga abin da ke faruwa idan aka danna gajeren adireshi. Waya za ta tambayi DNS lambar kamfanin gajartawa. Za ta buɗe haɗi da sabarsa, su yi musabahar tsaro, inda sabar ke miƙo takardar shaidarta mai nauyin kilobayit kaɗan. Sannan ta tambaya, a ba ta amsa: abin da kike nema ba ya nan, ga inda yake. Amsar kuwa ita ce dogon adireshin nan da aka guje wa, cikakke. Sai wayar ta sake sabon zagaye da sabar ta gaskiya, ta aika mata shi. An rage bayit ɗari ko ɗari biyu a cikin saƙo, an kashe dubbai a hanya, kuma dogon adireshin ya yi tafiya sau biyu maimakon ɗaya.

Lokaci ya fi bayit ciwo a nan. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin irin wannan waya, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa ba, kafin a ƙara nisan Kano ko Maraɗi zuwa gaɓar teku da jinkirin turken sabis. Sabon haɗi na buƙatar irin wannan kai-komo sau uku ko fiye. In sabar mai gajartawa na Turai ko Amurka, mai karatu zai ji ƙarin. Sauri ya haifi nawa.

Sai batun ɗorewa. Gajeren adireshi na raye ne muddin kamfanin da ya yi shi na raye kuma yana so. Google ya buɗe goo.gl a 2009, ya daina karɓar sababbi bayan kusan shekara goma, a 2024 ya sanar da cewa tsofaffin za su daina aiki a watan Agustan 2025, daga baya ya sassauta ya bar waɗanda ake ci gaba da dannawa. Duk takardar bincike ko littafin da ya dogara da waɗanda aka kashe ya rasa hanyarsa. Ƙarshen .ly da ke cikin bit.ly kuma na ƙasar Libiya ne, kuma a 2010 hukumar da ke kula da shi ta ƙwace sunan wani mai gajartawa, vb.ly, bisa dalilin cewa ya saɓa ƙa'idojinta.

Mafi muni, gajeren adireshi na rufe fuskar inda za shi. Saƙonnin damfara da ke yawo da sunan tallafin gwamnati ko kyautar data sun fi son sa saboda haka.

Inda tsayi ke da farashi

A saƙon tes, tsayi kuɗi ne kai tsaye. Saƙo ɗaya haruffa 160 ne. Adireshinmu na misali zai bar wa makaranta ko asibitin da ke aika sanarwa haruffa 49 kacal, in an haura a biya kuɗin saƙo biyu, a kan kowane mutum da aka tura wa. In kuma aka sa harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikin saƙon, iyakar na faɗowa zuwa 70, domin ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara wa tes tun asali. A nan gajartawa na da riba ta zahiri.

Haka lambar QR da ake bugawa a katin biki ko allon shago. Ƙaramarta na da ɗigo 21 a kowane gefe, babbarta 177, kuma yawan haruffa ne ke tura ta sama. Dogon adireshi na haifar da ɗigo ƙanana a cunkushe, waɗanda kyamarar ƙaramar waya ke kasa karantawa, musamman idan tawadar mai bugawa ta ɗan baje ko hasken wurin ya yi ƙasa.

Akwai kuma rufi. Tsohuwar burauzar Internet Explorer ba ta karɓar fiye da haruffa 2,083. Ƙa'idar HTTP ta ba da shawarar a iya ɗaukar aƙalla 8,000, kuma sabar Apache na tsayawa a 8,190 in ba a sauya saitinta ba. Abin da ya wuce iyaka sai a mayar da shi da lambar kuskure 414.

Abin da ya shafi mai waya da mai shafi

Ga mai turawa, yanke wutsiyar bin sawu na da amfani, sai dai amfanin na sirri ne da tsafta. Firefox ta fara cire wasu daga cikinsu a 2022 ga wanda ya zaɓi tsauraran matakan kariya, Apple ma ya sa irin wannan a iOS 17 a 2023. Mutum na iya yi da hannu: ya goge daga utm ko fbclid ko si zuwa ƙarshe. Amma ba duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya ne shara ba. A YouTube, v da haruffan da ke binsa su ne sunan bidiyon, in an cire su ba abin da zai buɗe. A gayyatar Zoom, pwd mabuɗin shiga taron ne. Adireshin sauya kalmar sirri kuwa ba a tura wa kowa shi, dogo ko yankakke.

Ga mai dannawa, abin dubawa shi ne sunan da ke daf kafin sanda (/) ta farko bayan https://. 'Yan damfara kan jera sunan banki ko na hukuma a farkon dogon adireshi, su ɓoye ainihin sunan gidansu can gaba inda fuskar waya ta yanke.

Ga mai shafi, awa ɗaya da zai kashe yana rage girman hotunansa, yana tabbatar da cewa sabarsa na kan HTTP/2 kuma rumbunsa na watsi da alamomin bin sawu, ta fi wata guda na aske haruffa. Sauya tsofaffin adireshi domin kawai su gajarta na karya mahaɗan da mutane suka riga suka raba, ko ya tilasta ƙarin turawa gaba, wanda shi ma wani kai-komon ne. Tun 1998 Berners-Lee ya rubuta cewa adireshi nagari shi ne wanda ba ya canzawa.

Wanda datarsa ke ƙarewa kafin lokaci kuwa, wayar Android da iPhone duk suna da shafi a cikin saiti da ke jera manhajoji bisa yawan abin da kowacce ta ci. Facebook da Instagram na kunna bidiyo da kansu yayin da ake gangarawa, TikTok ma haka, kuma a cikinsu akwai zaɓin rage cin data. WhatsApp na zuwa a saite yana sauke hotunan zaure da datar waya ba tare da an taɓa su ba, sai mai wayar ya shiga sashen ajiya da data ya hana. Sabunta manhajoji da kwafe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud ana iya ɗaure su sai an sami Wi-Fi.